Ƙararrawar Malam Shiru

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ciwon bayan nan naka, ko har yanzu taurin kai kake yi masa?

Albishirinka: Inna ta fita! Ka san tun gobarar da ta cinye shagon ɗinkinta ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Da lallami na ja ta laburaren da nake karatun jarrabawa, da sunan ta taya ni zama. Sai ga ta ta tsinci littattafan ɗinki, tana ta kushe hannayen rigunan da ke ciki. Na manta rabon da in ji Inna ta kushe wani abu. Daɗi kamar ya kashe ni.

Lokacin tashi ne ya ɓata mana. Ma'aikacin wurin, wanda muke kira Malam Shiru, ya kaɗa ƙararrawa kamar yadda ya saba, kuma irin ƙarar da ta ji ranar gobarar ce. Inna ta zabura ta yi waje ba takalmi. Ta ce ita da wurin har abada. Tsoro nake ji kada ta sake kulle kanta, Yaya. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau. Ya yara, ya baya? Zauna ka sha labari.

Da na koma, Malam Shiru ya miƙo mini takalman Inna a leda, bai tambaye ni komai ba. Ya dai ce in gaya mata ya ajiye mata kujera a bakin ƙofa, inda za ta fita duk sanda ta ga dama. A gida muka tarar da wani ɗan ƙarfe cikin takalmin. Ashe ƙarfen cikin ƙararrawar ne ya cire! Inna ta daɗe tana jujjuya shi, sannan ta ce mutumin da ya lalata kayan aikinsa saboda ita, rashin kunya ne a ƙi zuwa yi masa godiya.

To, godiya ta zama zama. Da lokacin tashi ya yi, bawan Allah ya miƙe yana sanarwa da muryar nan tasa da raɗa ya cinye, ɗalibai ko a jikinsu. Inna ta kalle shi har tausayi ya ishe ta. Ta tashi tana bi tebur-tebur, tana dafa kafaɗun 'yan mata, tana rufe wa samari littafi a fuska. Kafin ka ce me, wuri ya watse da dariya. Ni kuwa kuka na yi, ban ji kunya ba.

Yanzu aikinta ke nan kullum. Jiya ma na tsaya neman gyalena, ta yi gaba ta bar ni.

Idan ka zo hutu, kada ka wahalar da kanka ƙwanƙwasa gida. Ka wuce laburare, amma da wuri, don ko kai ne za ta kore ka.

Taka mai kewarka,
Auta