Na Karya Hannun Maƙwabcina Kan Feshin da Bai Yi Ba

Uwargida Solange, ki agaza mini, zuciyata ta zama garwashi a ƙirjina.

Kadada biyar gare mu a gindin tsaunukan Corbières. Shekara uku na yi ina yaye kurangar inabinmu daga guba kafin a ba ni hatimin noman da ba sinadari. Jar giyata ba ta manya ba ce. Yuro shida kwalba, wadda birkila ke kora burodi da cuku da ita da tsakar rana. Har baiti na tsara mata: rana ta dafa, ƙasa ta shayar, hannu bai zuba dafi ba.

Bana ruwa ya yi yawa, fumfuna ta kama ganye. Mai duba gonaki ya ɗebi ganyen, ya ce akwai gubar feshi a layuka goma masu iyaka da gonar Anselme Cabrol, maƙwabcin da ya saba kirana Waliyyin Ciyawa a gaban jama'a. Ban tambayi kowa ba. Na tumɓuke turken kuranga, na finciko Anselme daga kan tarakta, na jibge shi har ƙashin hannunsa ya karye kamar busasshen reshe, jini ya rina masa gemu. Ban huce ba sai da na sare kuranga arba'in da kakansa ya dasa.

Bayan kwana biyu mahaifina, ɗan shekara tamanin da ɗaya, ya ajiye cokali yana hawaye, ya ce shi ya yi feshin, don ba zai iya kallon inabi yana ruɓewa ba.

Anselme ya ce wa jandarma masu bincike faɗowa ya yi daga kan tarakta. Idan na yi shiru, za a ce iska ce ta kwaso feshinsa, hatimina ya tsira. Idan na yi magana, gumin shekara uku ya bi ruwa. Girbi saura mako uku. Ina zan sa kaina?

Mai Jan Hannu, Corbières

Malam Mai Jan Hannu,

Na san zafin shekara uku, kuma zolayar Anselme ba ta da daɗi. Amma mutumin da ka karya ya rufa maka asiri, kai kuma kana shawarar ɗora masa laifin feshin karo na biyu. Wannan ya fi dukan muni.

Gobe ka kira mai duba gonaki ka faɗa masa gaskiya. Mai yiwuwa layuka goman kaɗai za a cire daga hatimin. Ko duka aka cire, hatimi yana dawowa, masu shan giyarka kuma ba za su guje ta ba.

Daga nan ka wuce gidan Anselme, a gaban matarsa ka ce kai ne ka yi kuskure. Ka dasa masa kuranga arba'in. Idan ya sauya magana wurin jandarma, haƙƙinsa ne, kada ka roƙe shi. Inabinsa za ka fara tsinka kafin naka, don da hannu ɗaya ka bar shi.

Tsohonka kuwa, kada ka ɗaga masa murya. Tsoronka ne ya sa ya yi feshin a ɓoye. Ka nemi likitan da zai duba wannan fushin naka kafin ya kai ga tsohon.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ɗora ƙashin Anselme daidai.

Solange