Kiri-kiri a Lambun Balki

Kadawa, 9 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga mai ɗakina Balki,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya saɓe? Ni lafiya lau, sai kewar gida. Sojoji har yanzu ba su buɗe iyaka ba, kada ki sa ran ganina nan kusa.

Takardarki ta iso ta hannun mai keken da ke ratso daji. Na yi murna da aka ba ki fili a korama, tunda geron bana ko dami uku ba mu ɗaure ba. Tumatirin nan da kika dasa shi ne tuwonku har ruwa ya sauka, ki riƙe shi da kyau.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Takarda guda, sunan Muntaka sau biyar. Muntaka ya ce kada a yi feshi cikin iska, Muntaka ya ce a rufe hanci. Sati biyu ma'aikatar noma ta kai shi Damagaram, ya komo da pampon feshi da takalmin roba, shi ke nan Matameye ta samu likitan ciyawa. Mutumin da a lakwal, muna 'yan makaranta, ni nake yi masa lissafi. Kuma ban manta ba, shi ya riga ni kai toshi gidanku. Ya ce miki tunda kin riga kin dasa, ciyawar kiri-kiri sai dai a cire ta da hannu, zai riƙa leƙowa yana dubawa. Wannan leƙowar ce ba ta yi mini ba.

Ki gaida Inna da yara.

Mijinki,
Cha'ibu

Kadawa, 27 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga Balki,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kowa lafiya. Na ji hannuwanki sun tsattsage wajen tuge ciyawa, abin ya dame ni ƙwarai.

Ga kwalba nan na naɗe ta cikin tsohuwar rigata. Maganin ciyawa ne na gaske, irin wanda muke fesawa a gonar alkamar Alhajin da nake wa aiki. Da idona na gani, a kan alkamar ake zuba shi, ciyawa ta mutu, alkama ko gezau. Kututturen sabara ma in an shafa masa ba ya sake toho. Rubutun jikin kwalbar Ingilishi ne, malaminku na Faransanci ba zai gane komai ba, don haka kada ki wahalar da kanki kai masa. Pamponsa ma ba ma so.

Ki samu ƙaramin gwangwanin tumatir, ki cika shi, ki juye a bokitin ruwa, ki motsa da kara. Da sassafe kafin iska ta tashi, ki tsoma tsintsiya ki yayyafa ko'ina cikin lambun. Ki ɗaure hanci da kallabi, ki sa hannu cikin leda, yara kada su zo kusa. In kin gama ki yi wanka da sabulu, gwangwanin ki binne shi, bokitin kuma kada ya sake ganin ruwan sha.

Kin rubuto cewa matan korama duka suna yabon kirkinsa. Su yaba, suna da mazansu a gida. Ni da nake nesa, ba na son wani namiji ya san lambunki fiye da ni. Kishi ne, na sani, kuma ba zan ɓoye miki ba. In kina ganin girmana, ki yi yadda na ce ba tare da kin shawarci kowa ba.

Naki har kullum,
Cha'ibu

Kadawa, 20 ga Disamba, 1984

Zuwa ga Balki,

Gaisuwa da ban haƙuri. Yaya jikinki, yaya yara? Allah ya sa jirin da kika ji ranar yayyafin ya wuce.

Na karanta takardarki sau uku a bakin gona. Kin ce kwana biyu da yayyafin ganyen tumatir ya murɗe, kan ya sunkuya, a sati guda kuma duk ya kwanta, har da wanda ya fara fure. Kiri-kiri kuwa tana nan shar. Na je wurin malamin gonarmu na tambaye shi, wanda da tun farko na yi. Ya ce maganin mai faɗin ganye yake kashewa, shi ya sa yake cin sabara. Alkama da kiri-kiri dangi ne, ba ya taɓa su. Ya tambaye ni wane mahaukaci ne ya zuba shi a tumatir, na ce wani ne a garinmu.

Na duba takardar taki daga sama har ƙasa ina neman inda kika zage ni, ban samu ba. Kin dai ce kin yi yadda na ce. Kin ce Muntaka ya wuce ya ga bokitin a hannunki, ya tsaya zai yi magana, kika juya masa baya saboda ni. Da kin saɓa mini ranar, da yanzu yarana suna da abinci.

Malamin ya ce ƙasar ba ta mutu ba, bayan 'yan makonni za a iya sake dashe, in akwai mai irin da ya rage a gari. Ni da ke mun san mutum ɗaya ne yake da shi a Matameye, Muntaka. Da samun takardar nan ki yafa mayafinki ki je gidansa da rana, ki tafi da kwalbar ya ga abin da aka zuba. Duk abin da ya ce ki bi, ya leƙo lambun sau nawa yake so. Kada ki ce kuskurenki ne. Ki ce masa Cha'ibu ne ya aiko da maganin, kuma Cha'ibu ne yake roƙo.

Ki yafe mini, ki gaida Inna.

Mijinki,
Cha'ibu