Tsirkiyar da Ta Tsaga Kuncinki

Ya hasken idona, ya sanyin ƙirjina kuma wutarsa, ya ruwan farko a kan ƙasar da ta ƙeƙashe,

Daga bencin shagon mai kayan kiɗa nake rubuto miki. Tsohon ya baje mini tsirkiyoyin jitar bes a kan tebur, ga masu kaushi da ke cin yatsa, ga masu santsi da ke magana ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ɗana, zaɓi mana, ko sai gimbiyar ta iso?" Saura ƙiris in kife masa teburin a kai, bawan Allah da bai san me ya faru ba.

Yaushe na taɓa zaɓa ni kaɗai? Ke ce mai zaɓe. In ɗaura sabuwa, ki manna kuncinki a jikin katakon jitar, ki lumshe ido, in ja babbar tsirkiyar, ki saurari ruguginta da ƙashin fuskarki. Wani lokaci ki yamutsa fuska ki ce, "Wannan ihu kawai take, cire ta." Wani lokaci ki yi murmushi ki ce, "Bar ta, har haƙorina ta kai." Ni da kunnuwana biyu na koma ɗan koyo a gaban kunci ɗaya.

A haka Yayanki ya same mu a ɗakin gwajin kiɗa. Shi da ke buga mana ganga, shi da ya fi kowa sanin cewa ba a yanke tsirkiyar bes tana ɗaure sai an sassauta ta! Ya fizgi filaya, ya datse babbar don ya ci mini mutunci. Ta zabura kamar macijin da aka taka, ta bar ni, ta tsaga ki daga kunne har haɓa. Jininki ya malale a kan katakon, kuma har yau ban goge shi ba.

Tsirkiyar tana aljihuna, masoyiyata. Na naɗe ta a hannu har yatsuna sun yi baƙi, ina auna ta da kaurin wuyan Yayanki. Wallahi na so in shaƙe shi da ita, in farfasa gangunansa, in karya hannun da ya riƙe filayar gaɓa-gaɓa. Sai ga saƙonki ta bakin ƙanwarki: kada in taɓa shi, kuma kada in zo, ba kya so in ga fuskarki.

Na farkon na haɗiye shi kamar garwashi, kuma zan riƙe. Yayanki zai tsufa da wuyansa lafiya, albarkacinki. Amma na biyun fa? Shi ya yanke ki da ƙarfe bisa kuskure, ke kuma ki yanka ni da gangan? Kina tsammani santsin fata na bi? Ina son ki, da ɗinkin, da tabon da zai biyo baya.

Na ce wa tsohon ya tattara kayansa. Gurbin babbar zai zauna fanko, in yi ta kiɗa da ukun da suka rage, masu rawa su yi ta zagina. Ba tsirkiyar da za ta hau jitar nan sai kin saurare ta. Kuma kada ki juyo mini da lafiyayyen gefen fuskarki. Wancan mai ɗinkin nake jira.

Naki, har ranar da tawa tsirkiyar za ta tsinke,
Mai bes ɗinki