Talabijin Mai Tabarau

Daren Laraba, Rano

Yau an dawo wa Nasiru da talabijin ɗin nan mai tabarau a kwalinsa. Tun ran da ya sayar da babur ɗinsa na acaɓa ya saro irinsa da yawa daga Kano na gaya masa, ba a sakin sana'ar hannu saboda abin yayi. Ya ce, "Umma, in kika sa tabarau sai ki ga mutum kamar zai fito ya taɓa ki. Kowane gida sai ya saya."

Wani Alhaji a Kibiya ne kaɗai ya saya, shi ma ga shi ya fasa. Ya ce a tsakar gida suke kallo har da maƙwabta, tabarau kuwa biyu ne. Sauran dishi-dishi suke gani, yara na ta kokawa, tsohuwarsa kuma jiri ya kwashe ta.

Wallahi na shirya masa faɗa. Sai na tarar da shi a zaure, ko tuwonsa bai taɓa ba. Ya ce, "Umma, iyalina ta kusa sauka, da me zan riƙe gida?"

Ya Allah, kullum ni ke yi wa mutane wa'azi, yau kuwa sai na haɗiye faɗana, na zauna kusa da ɗana na tura masa tuwon gabansa.