Fiya-fiya da Ƙodar Laraba

Zuwa ga ƙanwata Adawiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar ga ta iske ki lahiya can Ikko, ke da maigidanki Malam Lawwali da yara. Allah shi ƙara rufa asiri. Mu nan Goronyo sai godiya, albasa ta yi kyau bana, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Matata Laraba ce ba lahiya. Sati bakwai ke nan tana asibiti a Sakkwato. Tun bayan ƙaramar salla ƙafafunta sunka fara kumbura, fitsari ya ragu, abinci ba ya zama. Munka yi ta jiƙe-jiƙe a banza. Da anka auna jininta, likita ya ce ƙoda ce ta gaza, sai wanki sau biyu a sati. Ya tambaye ni mi muke sa ma ɗaki don sauro, na ce fiya-fiya. Kin dai san sauron bakin dam. Shekara tara ni da hannuna nake yayyafa shi kowace magariba, in rufe taga kada ƙarfinshi ya fita, ita kuwa tana ciki tana ninke tufafi. Har buhun waken da muke ci nakan ɗiga mashi fiya-fiyan saboda ƙwari. Likitan bai ce lalle shi ne ba, ya ce dai zatonshi ya fi ƙarfi a nan.

Da na ba ta haƙuri, cewa ta yi in bar zancen, in dai riƙa tunawa da dusar awakinta.

Ɗiyarmu Khadijatu ke jinyarta, ni an maido ni gida saboda ban-ruwa. Gidan ya yi mini girma, Adawiyya. Nakan dawo daga fadama in yi sallama bakin ƙofa, sai in ji shiru sannan in tuna ba ta nan. Maƙwabta na aiko tuwo, amma ci ni kaɗai ya gagare ni.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kwalaben fiya-fiya biyun da na cusa miki a jaka zuwanki na bara, ina ta yabon su, don Allah ki fitar da su daga gidanki tun yau, ki sayi gidan sauro. Kuma ki riƙa kiran Laraba, ke kina sa ta dariya. Ni in na kira, gaisawa kawai muke.

Ki gaishe mini da Malam, da Mashkura da Khalid. Inna na sa muku albarka. Ku sa mu a addu'a.

Yayanki,
Mode