Eriyar da Ta Cinye Hutuna

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya sauran gida?

Ina lafiya, sai dai ba zan zo bana ba. Iska ta karya mana eriya ɗaya a tashar sadarwar da nake aiki a kan dutsen nan. Sai na haɗa rediyon oba-oba biyu a kan wadda ta rage, da 'yar na'urar da ke hana su shiga maganar juna. Maigida ya yaba, ya ce, "Kai kaɗai ka iya saita ta, ba ka sauka sai sabuwa ta iso." Wata biyar ke nan, fasfona kuma yana hannunsa. Abinci dai ana ci.

An ce 'yata ta fara rarrafe. Aiko min da hotonta, ko na san kamanninta.

Ƙaninka.