An Tsaga Hajara, Na'ura Tana Cikin Kwali

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka yi wa matata aiki,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna lafiya.

Ni mazaunin Madabo ne a cikin birni. Matata Hajara ta rasu bayan Babbar Sallah. Ba na jayayya da ajali, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, dole ka ji shi.

Na farko. Hajara ta daɗe da daina al'ada, sai jini ya dawo mata. Gwajinku ya nuna ciwon daji ne a cikin mahaifa, bai yaɗu ba. Likitarku, Allah Ya saka mata, ta zaunar da mu ta ce hanya biyu ce: ko a tsaga ciki, ko a yi 'yan ƙananan huji a zura kyamara a cire mahaifar. Ta ce ga mai ciwon suga da ƙiba irin Hajara, hujin ya fi, don ƙaramin rauni ya fi saurin warkewa. Hajara har da dariya ta ce, "To a huda ni, Likita, ina da jikar da zan yi wa wankan jego."

Na biyu. Na'urar yin hujin tana asibitinku. Da idona na hango ta a kwalinta. Aka ce ba mai taɓa ta sai wani babba ya zo ya ƙaddamar da ita. Aka ɗage, aka sake ɗagewa, wai yana yawon kamfe. Ranka ya daɗe, Hajarar nan cikin rana ta bi layin zaɓe tana murnar soja sun tafi. Jini ya yi yawa, likita ta ce jira ya zama haɗari. Aka tsaga ta.

Na uku. An cire ciwon, amma ɗinkin ya ƙi kamewa. Ya yi ruwa, ya buɗe, zazzaɓi ya shiga. A kwance ta riƙa sallah, tana cije leɓe don kada yara su ji nishinta. Ranar da ta cika ta ce mini, "Malam, kada ka ga laifin likitar nan." Ban gani ba. Shi ya sa kai nake rubuta wa.

Ban ce da an huda ta da tana raye ba. Allah ne masani. Amma an ba ta zaɓi, ta zaɓa, aka hana ta don biki.

Roƙona: a buɗe kwalin nan ko baƙo bai zo ba. A kuma faɗa wa masu jira gaskiyar ranar da za a fara. Akwai wata baiwar Allah daga Dala, ciwonsu ɗaya da Hajara. Mijinta ya zo mini ta'aziyya, ya ce har yanzu suna jira.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya tsare iyalinka daga irin wannan kwanciya.

Wassalam.

Malam Sabi'u, mijin marigayiya Hajara